Hancina da Harshen Awini

Ɗana ne ya tona mini asiri, ba da niyya ba. Ya gaya wa abokansa na jami'a da suke haya tare a Glenwood cewa ubansa ya yi shekara goma sha ɗaya ana biyansa albashi don ya shinshina ganga, su kuwa suka mayar da abin wasa. Ranar sunan jikata ɗaya daga cikinsu ya ɗauki kofin kunun aya ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ce da ni cikin Turanci, "Baba, wannan wata nawa ya yi a ganga?" Aka yi dariya, ni ma na yi. To yanzu na ajiye aiki, bakin mutane ba zai hana ni cin tuwo ba. Ku zauna in gaya muku yadda sana'ar take, tunda kuna ganin wasa ce.

Sunana Sale, mutumin Maraɗi. Ubana dillalin hatsi ne, kuma da hanci yake ciniki. Zai cusa hannu can cikin buhun gero ya ɗebo, ya kai hanci, ya ce da mai kaya, "Wannan ruwa ya taɓa shi a rumbu." Mai kaya ya yi ta rantse-rantse, a ƙarshe ya sauko. Abin da na gada ke nan, ban gaji gona ba. Da na zo Greensboro na yi shekara shida ina tuƙa fokilif, motar ɗaga kaya, a wani sito a Wendover har aka rufe shi. Sai na ji wani ƙaramin kamfani a bayan tashar bas ta cikin gari yana neman direba. Na je na tarar kamfanin giya ne. Ban tambayi malami ba, don na san amsar da zai ba ni, ga 'ya'ya uku a gabana. Ɗigo ɗaya bai taɓa shiga bakina ba daga ranar da na shiga har ranar da na fita. A masallaci an san ni da mai gyaran ganga. Wanda ya gane ya yi shiru, wanda bai gane ba na bar shi a haka.

Giya iri-iri suke yi, amma wadda kamfanin yake taƙama da ita sau ɗaya ake fitar da ita a shekara. Baliwayin suke ce mata. Da tsiron sha'ir ake yin ta, mai yawan gaske, a dafa rabin yini har ruwan ya yi kauri ya yi duhu kamar baƙar zuma. Ƙarfinta ya ninka na giyar kanti biyu har uku. In ta nuna sai a ɗura ta a tsofaffin gangunan katako da aka taɓa ajiye wuski a ciki, a jera su a ɗaki mai sanyi, a manta da su shekara guda ko da rabi. Giya ɗaya aka zuba, rana ɗaya, amma ganga arba'in za su ba ka hali arba'in. Wata ta fito da ƙanshin dabino da kwakwa, wata ta fito kamar jiƙaƙƙen kwali. Aikin shi ne a san wacce za a haɗa da wacce, wacce kuma za a zubar a kwata.

Gangunan farko da na sauke daga Kentucky suka zo, cikin tsakiyar zafi, guda talatin da shida. Maigidan, wani dogon Bature mai suna Rasel, ya miƙa mini tocila da guduma da ɗan ƙarfen da ake dukan zoben ganga da shi. Ya nuna mini yadda ake haska ciki a duba baƙin gawayin da ke jikin katakon, da yadda ake cika ganga da ruwan zafi a bar ta ta kumbura, sannan a bi ta da tafin hannu ana neman inda take zufa. In ramin ƙwaro ne, ka fiƙe ɗan tsinken katako ka buga. In tsakanin katako biyu ne, ka ƙara matse zobe, ka bi da kakin zuma. Ganga cike ta fi mutum uku nauyi, kuma in ka mirgina ta ba da dabara ba sai ta ɗauke maka yatsa. Ku dubi wannan farcen, tun shekarar farko bai sake fitowa daidai ba.

Wata bakwai ina wannan kafin Rasel ya san ina da hanci. Ina wucewa ta gaban ganga ta ashirin da biyu da tiyo a hannu, sai na ji wani siririn wari kamar ruwan da mata suke goge farce da shi. Na ce masa wannan ta fara lalacewa. Ya ce jiya-jiya ya ɗanɗana ta. Na ce to ya sake. Kowace ganga akwai ƙusar ƙarfe a goshinta, a zare ta da filaya giya ta tsiyayo, a mayar. Ya tara gilashi, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Daga nan ya kama hannuna ya bi da ni ganga-ganga har la'asar. Uku na nuna masa, ukun kuma da aka kai gwaji duk tsami ya kama su. Tun ranar aka sa mini kujera a teburin ɗanɗano.

Teburin nan shi ne zuciyar sana'ar, kuma yana da doka. Ba a shan kofi da safen ranar, ba a cin yaji, ba a shan taba. Ni goro na bari. Babbar doka kuwa ita ce turare. Ko sabulu mai ƙanshi ba a yarda ka yi wanka da shi ba, don mutum ɗaya mai turare yana kashe hancin ɗaki gaba ɗaya. Ku da kuka san gidan Bahaushe kun san abin da wannan yake nufi. Matata Hajiya Rabi ba ta kwana ba ta sa turaren wuta ba, ko labulenmu ka taɓa sai hannunka ya ɗauka. Kayan aikina a leda nake ƙulle su a but ɗin mota, a wurin wanki na kuɗi nake wanke su, ba a gida ba. Ranar Juma'a in shiga sahu ba ko ɗigon turare a jikina, na dama da na hagu suna ta tashi kamar shagon mai turare. Hajiya ta ce na zama kamar maraya. Shekara tara na yi a haka ban taɓa kuskure ba.

Awini ni na kawo shi, wannan ku riƙe. Sa'ana ne, ba yaro ba, direban tasi da bayansa ya fara ciwo. Kirista ne, iyayensa mutanen arewacin Gana, amma a zangon Kumasi aka haife shi, Hausar zango a bakinsa kamar ruwa. Uwarsa fito, wato giyar dawa, take dafawa tana sayarwa, shi kuma a gindin tukwanen ya girma. Na ce da Rasel ga mai wanke ganga. Na koya masa guduma, na koya masa kaki, na koya masa yadda ake rufe bakin gilashi da tafin hannu a juya shi, a buɗe, a ja numfashi gajere sau uku maimakon dogo ɗaya. Ya iya da sauri, ban hana shi wannan ba. Amma yana da abin da ni ba ni da shi, wato yana iya haɗiyewa.

Ranar da aka fara zaunar da shi a tebur mu huɗu ne: Rasel, da Megan mai kula da dafa giyar, da ni, da shi. Aka zuba ganga ta tara a gilasai masu tumbi da ƙaramin baki. Na ɗumama nawa a hannu, don in tana da sanyi ba ta magana. Na ce dabino, da fatar da aka jeme, da ɗan hayaƙi a baya. Aka rubuta. Awini ya kurɓa, ya zagaya da ita a baki, ya haɗiye. Sannan ya ce da farko zaƙi ne kamar alewar da ta kusa ƙonewa, a tsakiya ɗaci ya taso ya riƙe zaƙin kada ya yi yawa, sai bayan ta wuce maƙogwaro wani ɗumi ya dawo yana hawa a hankali, a nan ne kwakwar take ɓoye. Megan ta ajiye biro tana kallonsa. Ni da na san gangar nan tun tana fanko, na toshe mata rami biyu da hannuna, ban taɓa sanin akwai kwakwa a bayanta ba, kuma ba ni da hanyar sani. Kishi ya kama ni a wurin, irin wanda ban taɓa yi wa wani namiji ba.

Daga nan abin ya yi ta girma. Ranar fitar da baliwayin mutane suna yin layi tun safe, masu gemu da 'yan huluna, wasu daga Raleigh, wasu daga Virginia, kowa da littafinsa na rubuta abin da ya ji. Awini ne yake tsayawa a gabansu yana bayani, suna ɗaukar hoto da shi. Ni ina can baya da tiyo. Gaskiya ni na ce kada a ɗauke ni hoto, don ban san wayar wa zai faɗa ba. Amma sanin cewa kai ka zaɓi inuwa ba ya hana ka jin haushin wanda ke tsaye a rana. In na ji wani ya ce, "Mutumin nan harshensa zinariya ne," sai in ƙara wa ruwan tiyo ƙarfi don kada in ji sauran.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe wurin shan giya na kamfanin, aka sallami rabin ma'aikata, gangunan wuski suka yi wuyar samu. Rasel ya tara mu ya ce baliwayin ta bana ita ce za ta riƙe kamfanin ko ta kayar da shi. Korona ta kwantar da Awini mako uku, ya tashi ya rame. Kwana biyu da dawowarsa, da rana tsaka, ya same ni a layin ganguna na ƙarshe ina buga tsinke. Ya tsaya har na ɗago.

"Malam Sale, ina so in gaya maka magana, amma ya tsaya nan."

Na ce ina ji.

"Hancina ya mutu. Zaƙi ina ji, ɗaci ina ji, sauran duka ya tafi. Jiya matata ya ƙona miya, ina zaune a kicin ban sani ba. Ina tsoro paa."

Na ce zai dawo, haka ake cewa. Ya ce tebur saura kwana goma. Ya ce yana da shekara hamsin da huɗu da mataccen baya, in ya bar nan ina za shi. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne, kafin tausayi ya biyo baya. Amma na ce masa, "Bon, ka bar mini."

Dabarar ba ta da wuya. Rasel da Megan sun saba jin muna 'yan maganganunmu da Hausa a tebur, suna ɗauka tsokanar juna muke yi. Sai in kai gilashi hanci, in yi kamar ina gunaguni, in ce, "Dabino da banila, katakon ya yi yawa, kada ka yabe ta sosai." Ko in ce, "Tsami ya fara, kashe ta." Shi kuma ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ɗauki 'yan kalmomina huɗu ya yi musu riga da wando da Turanci, ya ƙara da abin da harshensa yake iya ji na zaƙi da ɗaci da kauri. Ni in zo nawa bayanin in rage, in faɗi rabi, don kada a ga bakinmu ya zo ɗaya. Ganga arba'in da huɗu muka bi a haka cikin kwana uku. Muka zaɓi goma sha tara.

Ba a taɓa yin baliwayin kamar ta shekarar nan ba. Wannan ba ni na faɗa ba, tunda ban sha ba, masu layi ne suka faɗa, kuma cikin kwana biyu ba a bar kwalba ɗaya ba. Kamfanin ya tsaya da ƙafarsa. Da shekara ta zagayo, Rasel ya kira mu ya buɗe wani kwali yana murmushi. Sabuwar takardar jikin kwalba ce. Ga zanen fuskar Awini da gilashi a hannu, ga sunansa da manyan baƙaƙe. Aka tafa. Awini ya dube ni ta gefen ido, na tafa har hannuna ya yi zafi. Da aka watse ya ce mini, "Malam, ka san ba ni na roƙa ba." Na ce na sani. Na kai kwalbar da aka ba ni kyauta na ajiye a bayan ganga ta ƙarshe, don ba zan iya kai ta gida ba, ba kuma zan iya kallonta ba.

Hancinsa bai dawo ba. Muka sake yin shekara guda a haka, ina gunaguni yana fassarawa, suna rubuta sunansa. Na fara ƙirga kalmomina da nake ji a bakinsa a gaban baƙi. Har "fatar da aka jeme" ya ɗauka, shi da bai taɓa shiga majema ba.

Tebur na shekara ta uku ya faɗo ranar Juma'a da ƙarfe uku. Na je masallaci kamar kullum. A bakin ƙofa akwai wani Alhaji ɗan Damagaram da yake baza ƙananan kwalaben turare a kan darduma, shekara da shekaru ina wuce shi da gaisuwa kawai. Ranar na tsaya na sayi ɗaya, mai nauyi, irin wanda yake kwana uku a riga. Na shiga mota na sa kayan aiki, na zauna da kwalbar a hannu. Abin da na gaya wa kaina shi ne, za a kore ni daga ɗakin na yini ɗaya, in ce mantuwa ce ta Juma'a, Awini kuma ya zauna da gilashi goma sha biyar ba mai raɗa masa. Ya ji yadda abin yake, Rasel kuma ya ga bambanci ko da bai san dalili ba. Iyakar abin da na shirya ke nan, ko kuwa iyakar abin da na yarda na shirya. Na shafa a wuya, na shafa a gemu, na shafa a bayan hannu.

Ina buɗe ƙofar ɗakin Megan ta ɗago kai tun ban taka biyu ba. Rasel ya rufe gilashinsa da hannu. Awini yana tsaye ya ba ni baya yana jera gilasai. Ya juyo ya gan ni, fuskarsa ta saki don ya ɗauka na makara. Ya zo ya dafa kafaɗata, ya ja mini kujerar da ke kusa da tasa, ya zauna har gwiwarmu tana haɗuwa. Ya ɗauki gilashin farko ya kai hanci, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, yana jiran in yi magana.

Megan tana kallon Rasel, Rasel yana kallon Awini.

"Awini," in ji Rasel a hankali, "ba ka jin komai?"

Awini ya sake kai gilashin hanci. Ya ce akwai dabino. Rasel ya ce ba gilashin yake nufi ba. A nan Awini ya buɗe ido ya dubi Megan da ta toshe hanci da hannun riga, sannan ya juyo ya dube ni, ya ga maiƙon da ke ƙyalli a gemuna. Ya ajiye gilashin a hankali.

"Tun yaushe?" in ji Rasel.

"Tun korona."

"To wa ya zaɓi gangunan shekara biyun nan?"

Awini ya nuna ni da haɓa. Aka ɗage tebur zuwa Litinin, aka buɗe tagogi.

Na same shi a wurin ajiye motoci yana neman makulli a aljihu. Rasel bai kore shi ba, ya ce ya koma wankin ganga, amma ni da shi mun san bayansa ba zai ɗauka ba. Na fara cewa mantuwa ce, daga masallaci nake. Ya ɗaga mini hannu.

"Malam Sale, ni ba Musulmi ba ne, amma a zango na tashi. Shekara nawa ina ganinka ranar Juma'a?"

Ya ciro makullin, ya ci gaba.

"Da ka ce mini ka gaji, da ni da kaina na je na gaya wa Rasel. Kullum ina so in faɗa, tsoro ya hana ni. Da ka bar ni na faɗa da bakina."

Ya shiga mota. Mako biyu ya ƙara ya ajiye aikin, na ji ya koma tuƙi. In mun haɗu a shagon kayan Afirka yana gaishe ni, yana tambayar Hajiya da yara, bai taɓa ɗaga maganar ba, kuma bai taɓa sake kirana a waya ba.

Ranar Litinin ɗin da aka ɗage teburin, Rasel ya kira ni ofis kafin a zauna. Ya ce ya yi kwana biyu yana tunani, an zalunce ni shekara biyu, kuma yana so ya gyara. Ya juyo mini da kwamfuta. Har ya sa an zana: ga ni nan da hulata, da gemuna, da gilashi a hanci, ga SALE da manyan baƙaƙe a ƙasa. Mai zanen ya iya aiki, ko makaho a masallacinmu zai gane ni. Ya ce in na yarda gobe za a kai wurin bugawa, kwalba dubu huɗu.

Na daɗe ina kallon hoton. Ya yi kyau ƙwarai. Na tuna Alhajin da na sayi turare a wurinsa, da limaminmu, da surukan 'yata da ke Kumasi da Maraɗi, da waya da ba ta da wuyar aika hoto.

Na ce, "A'a. Kada ka sa."

Ya ce to me nake so. Na tashi na tafi ɗakin ɗanɗano. Shekarar nan hoton ganga aka buga a kwalbar, ba sunan kowa.